Ranar da Maigidana Ya Ba Baba Ƙwallo da Hagu

Akwai wani mutumin ƙasar Brazil da bai taɓa taka Azare ba, bai ma san akwai mu a duniya ba, amma an fi ambatonsa a gidana fiye da kawunnaina duka. Ɗan wasan ƙwallon kwando ne. Ba ƙwallon ƙafa ba fa, don duk wanda na ce wa Brazil sai ya ce ai ya gane, alhali bai gane ba. Ƙwallon kwando, wanda ake bugawa a ƙasa da hannu a jefa cikin zobe mai raga. Maigidana ne ya shigo min da shi tun muna zance, kuma har yau bai fitar da shi ba.

Maigidana malamin gona ne, kullum yana kan babur tsakanin Giade da Itas yana koya wa manoma yadda ake zuba taki. Gajere ne. Ba don cin fuska na faɗa ba, ni na zaɓe shi da idona, amma in muka jera a hoto sai mai hoto ya ce in ɗan rusuna. Lokacin da yake zuwa zance, sa'o'ina suna can suna shan daɗaɗan kalamai, ni kuwa waya ake miƙo min. "Duba nan, duba! Kin ga wancan mai riƙe da ƙwallon? Shi ne mai rabo." Ya ce a cikin mutum biyar ɗin da ke fili akwai ɗaya da aikinsa ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya duba wa ya dace a ba, ya ba shi, kamar mai rabon tuwo a gidan biki. Yawanci shi ne mafi gajarta, kuma shi ne mai ƙwaƙwalwar. Da ya zo kan maganar gajarta da ƙwaƙwalwa sai ya gyara zama ya kalle ni. Na ce na ji.

Abin da ya fi tafiya da hankalinsa ga ɗan Brazil ɗin shi ne yadda yake ba da ƙwallo ba tare da ya kalli wanda zai ba ba. Ido na gabas, ƙwallo ya tafi yamma, wani lokacin ma ta bayan ƙugu. Da tarihin mutumin nan nake tuna shekarun aurena, ko ina so ko ba na so. An ɗaura mana aure yana wasa a Sifen. Ina goyon ɗanmu na biyu ya tafi Amurka, ya riga ya haura talatin, can suka riƙa ajiye shi a benci, maigidana kuma ya riƙa shan kunu a gida sai ka ce ni na ajiye shi. Ranar da ya tattara ya koma Sifen har tsire aka sayo mana. Daga nan ya ci gaba da wasansa, sa'o'insa suna ajiye takalma ɗaya bayan ɗaya, shi ya ƙi ajiyewa.

To, wanda ya koya wa maigidana ƙwallon kwando tun farko mahaifina ne. Baba dogo ne siriri, mutumin wajen Bulkachuwa, Bafulatani ne gaba da baya, kuma shi ne malamin wasanni a makarantar da nake koyarwa yanzu, har ya yi ritaya. Shi da ɗalibansa suka zuba simintin filin, shi ya ja layukan da fenti. Maigidana yana cikin yaran da suka sha ranƙwashi a hannunsa. A lokacin shi ne mai rabo, Baba kan tsaya ƙarƙashin raga ya ɗaga dogayen hannayen nan, yaron ya jefo, Baba ya zura. Tsofaffin ɗalibai har yau suna ba da labarin.

Ana ɗaura aurenmu duk wannan ya mutu. Malami da ɗalibi suka zama surukai, kunya ta shiga tsakani ta yi zamanta. In maigidana ya hango Baba a hanya sai ya karya kan babur ya faɗa wani lungu, ko da lungun ba ya ɓullewa. In kuma ba hanyar gudu, ya kashe babur, ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa yana gaida ƙasa. Baba ma ba ya kallonsa, bango yake amsa wa gaisuwar. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa zama tabarma ɗaya. In Baba yana da magana, ni ake kira. "Ki ce wa mutumin naki an gode da buhun gero." Ga mutumin nawa nan durƙushe, in Baba ya miƙa hannu zai taɓa kansa, amma sai na juya na maimaita. Shi kuma ya ce wa ƙafafuna, "Ki ce ba komai." Ban taɓa ganin laifin haka ba, a haka na tashi na ga ana yi, Baba ma haka ya yi wa nasa surukin.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci jiri ya ɗebi Baba ya faɗi a bakin titi. Hawan jini. Ya yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya sa ba abin da ya shanye, aka sallamo shi da magani da doka: a rage gishiri, a riƙa motsa jiki. Maganin yana sha. Gishirin Inna ta ɗauke shi gaba ɗaya, har miya ta zama abin tausayi. Motsa jikin ne ya gagara. Baba ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida ya kwanta, ya juya wa kowa baya. Mutumin da ban taɓa sanin ya hau mota zuwa kasuwa ba, yanzu ko zaure bai leƙawa.

Mu ma mun taimaka wajen kwantar da shi, ba da gangan ba. Inna ta ɓoye kekensa a gidan maƙwabta. In zai tashi mutum uku ne za su zabura su riƙe shi. Kofin ruwa da hannu biyu ake miƙa masa, a tsaya a kansa har ya shanye. Ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Da muka koma asibiti likita ya ja ni gefe ya ce min, tsohon nan ba ciwon ne zai ci shi ba, kwanciyar ce, in aka bar shi haka ƙafafun za su daina ɗaukarsa. Na fito ina share hawaye da bakin mayafi. Wallahi na ji tsoro, irin tsoron da ke hana mutum cin abinci.

Gidanmu yana cikin gidajen malamai, tagar kicin ɗina tana kallon filin ƙwallon. Kowace Asabar bayan la'asar tsofaffin ɗalibai sukan taru su yi wasa, masu tumbi da masu furfura, ana gudu ana haki ana riƙe ƙugu. Maigidana ne mai rabonsu. Alƙalin wasansu wani tela ne mai ƙiba, wanda bai taɓa iya jefa ƙwallo ba tun yana ɗalibi, don haka ya haddace dokoki ya riƙe su tamau. Na aika masa da ɗinki, na haɗa da roƙo: su je su ce wa Baba wasansu ya lalace, ya zo ya duba musu. Suka je su biyar da manyan riguna. Baba ya ce ba ya zuwa. Asabar na yi sai ga shi ya ɓullo a bakin fili, hula a kai, usur ɗinsa na ƙarfe rataye a wuya.

Ina tsaye a taga ina ganin komai. Maigidana yana tsakiyar fili da gajeren wando, ƙwauri a waje, ya ɗago ya ga surukinsa. Innalillahi! Ya saki ƙwallo ya ruga bayan aji. Da ya dawo ya zura dogon wando a kan gajeren, ya durƙusa can bakin layi. Baba kuwa ya zauna a benci bai daɗe ba ya fara tsaki. Can ya miƙe, ba wanda ya riƙe shi, ya ce wa tela, "Wannan ba wasa ba ne, kokawa ce. Ba ni wuri." Ya naɗe ƙafar wando ya shiga. Na dafe ƙirji, daɗi ya kusa kashe ni.

Sai aka tsaya shawarar ɓangaren da za a sa shi. In aka sa shi gaba da maigidana, ke nan maigidana zai tare surukinsa ko ya fizge masa ƙwallo, abin da ba zai yiwu ba. Aka sa su ɓangare ɗaya. Kowa ya ce an yi dabara.

Ina dabara! Baba ya je ƙarƙashin raga, wurinsa na da, ya ɗaga hannaye. Abokan karawa duk ɗalibansa ne, ba wanda ya isa ya tare shi, sai ma matsawa suke suna ba shi wuri suna cewa sannu Malam. Ga shi nan tsaye shi kaɗai, ko makaho zai ba shi. Maigidana ya taho da ƙwallo, ya ɗago kai, ya hango farar hula, sai ya sunkuyar ya juya ya ba wani mai tumbi da mutum biyu suka rufe. Aka ƙwace. Ya sake tahowa, ya sake yi. In gudu ya bi da shi kusa da Baba sai ya rage tsawo ya wuce a rusune, shi da dama ba tsawon ne da shi ba. Baba yana ɗaga hannu yana saukewa har na ga kafaɗunsa sun gaji.

'Yan ɓangarensu suka fara yi masa ihu. "Ga Malam can! Kai, ba Malam mana!" Abin ya ishe shi. Sai ya rungumi ƙwallon, ya taka a hankali har gaban Baba, ya durƙusa, ya kawar da kai gefe, ya miƙa masa da hannu biyu. Tela ya busa usur har kumatunsa suka kumbura. "Tafiya da ƙwallo! Ƙwallon ɗaya ɓangaren ne!" Wani ya ce haba, a yi wa Malam alfarma. Tela ya ce Malam ne ya koya masa doka, ba alfarma. Fili ya kaure da dariya, ni ma na yi, Allah ya yafe min. Baba bai yi ba. Ya kalli ƙwallon da ake miƙo masa, bai karɓa ba, ya sauke ƙafar wandonsa ya kama hanyar gida.

Ya koma tabarmarsa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Inna ta ce min ko abincin kirki ya daina ci. Na je na zauna kusa da shi ina ta kewaye-kewaye, shi ya yanke min. "Na gani ai. Tausayina suke ji. Wanda ake tsoron a jefa masa ƙwallo kada ya faɗi, me zai je yi a fili?"

Na ce, "Baba, ba tausayi ba ne, kunyarka yake ji."

Ya ce, "Duk ɗaya ne a wurin wanda yake tsaye da hannu a sama." Ya ja mayafi ya rufe fuska.

Na dawo gida na cika na batse. Na tarar da maigidana a kan kujera, waya a hannu, yana kallon mutuminsa. Ta inda na shiga ba ta nan na fita ba. Na ce kai da kullum kake cika min kunne da rabo, rabo, ga wanda ya koya maka yana tsaye kamar mai roƙon ruwa ka kasa ba shi! Na ce in Baba ya nakasa a kan tabarmar nan, da hannunka a ciki. Ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Haba, Maman yara. Ya zan dubi tsabar idon Baba in wurga masa abu? Wallahi ina ɗago kai na ga hularsa hannuna mutuwa yake. Ke kin san ba don ba na so ba."

Na sani. Shi ya sa na ƙara jin haushi, don ba wanda zan zaga. Na fizge wayar zan kashe, sai idona ya faɗa kan ɗan Brazil ɗin. Ga shi ya taho da gudu, fuskarsa na kallon 'yan kallo, ƙwallo ya bi ta bayansa ya faɗa hannun wani dogo. Shekara da shekaru ana tilasta min kallon abin nan, ranar ce kawai ya yi min amfani. Na dangwara masa wayar a gaban hanci. "Shi wannan naka, kallon wanda zai ba yake yi?"

Ya karɓa ya mayar baya ya sake kallo. Ya ce, "Amma fa ta baya ce. In juya wa Baba ƙeya?"

Na ce, "Da ka je gaishe shi ina kake juya fuskarka? Ba gefe ba? To ka yi gaisuwar da gudu."

Ya sake kallo. "Kuma da hagu ya bayar."

Nan na ɗan tsaya. Ko yaron goye ya miƙa wa babba abu da hagu sai an buge hannun, balle suruki. Na ce, "Kai ka yi da dama. Brazil ba su da surukai ne, oho musu."

Daga ranar tsakar gidana ya zama filin atisaye. Na jingina taɓarya a bango na ɗora mata wata tsohuwar hular Baba da ke wurina. Yana fitowa ya gani ya ja da baya. "Don Allah cire hular nan, ki sa wata." Na ƙi. Ya riƙa tahowa da gudu daga bakin ƙofa, ido a kan kejin kaji, yana wurga ƙwallo ta baya da hannun dama. Ranar farko ya kifar min da kuɓewar da na shanya. Rana ta biyu ya samu akuyar maƙwabta a haƙarƙari, ta yi ƙara har matar gidan ta leƙo ta katanga. Tulun ruwana na sanyi, wanda Inna ta kawo min daga ƙauye, shi ma a wannan yaƙin ya rasu. Da ya fara samun taɓaryar, duk sanda hular ta faɗi sai ya ruga ya ɗauke ta ya kaɗe ƙura da hannu biyu.

Saura dawo da Baba fili, kuma wannan ba ni na yi ba. Shi da kansa ya ce wa Inna zai je Asabar ya miƙa wa tela usur ɗinsa, tunda ba shi da sauran amfani da shi. Usur ɗin nan ya girme ni. Da Inna ta faɗa min sai na san in ya cire shi daga wuya ya dawo gida, ba zai sake fitowa ba.

Ranar kuwa an gayyato baƙi, wasu matasan malamai daga wajen Itas, dogaye masu ƙarfi, ba su san Baba ba, ba su san kowa ba. Mutanenmu kuma da yawa sun tafi ta'aziyya Giade, sun rage huɗu. Baba ya iso a hankali yana jan ƙafa, ya fara zare igiyar usur daga wuya. Tela ya dubi 'yan wasa, ya dubi Baba, ya ce, "Malam, usur ɗin zai jira. Ku cika mana ɗaya, tsayuwa kawai, kada baƙi su ce mun gudu." Baba ya ce tsayuwa ai ya iya, ita ya yi wancan karon. Ya mayar da igiyar cikin riga ya shiga.

Ni na bar taga na fito bakin shinge da ludayi a hannu, miya na kan wuta. Aka fara. Baba ya je ƙarƙashin raga. Wani saurayi cikin baƙin, mai faɗin kafaɗa, ya zo ya sa masa ƙugu ya ture shi gefe kamar buhu. Mutanenmu suka yi salati. Na buɗe baki zan zagi uwar yaron daga inda nake, sai na ga fuskar Baba. Ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya gyara tsayuwa, ya kafa gwiwar hannu a haƙarƙarinsa ya dawo wurinsa. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ya faɗi.

Maigidana ya taho da ƙwallo. Baƙin sun lura da hannun dama yake komai, sai biyu suka rufe masa dama suka kora shi gefen layi. Ya juya, suka bi shi. Baba ya zame daga bayan saurayin nan ya ɗaga hannaye. Na ga maigidana ya kawar da kai, ya kafa ido a kan bishiyar mangwaro da ke bayan aji, ƙwallo kuma yana hannunsa na hagu, don nan kaɗai aka bar masa. Na ce a raina shi ke nan, zai sake yin irin ta wancan karon. Bai sake ba. Ya murɗa hannun ta bayan ƙugu ya sako shi da iya ƙarfinsa.

Tim! Har inda nake na ji ƙarar ƙwallon a ƙirjin Baba. Ya yi taga-taga, hula ta faɗi, amma ya cafe. Filin ya yi tsit, mutanenmu duk sun ga hannun da aka yi amfani da shi, wani har ya kama baki. Baba ya juya ya jefa. Ƙwallon ya hau kan zobe, ya zagaya, ya yi tunani, ya faɗo waje. Baƙi suka kwashe suka ruga.

Maigidana ya daskare a wurin, yana kallon hannunsa na hagu kamar ba nasa ba. Ina jin da ƙasa za ta tsage da ya shige. Sai muryar Baba ta tashi, muryar nan ta malamin wasanni da ake ji har bakin titi. "Kai! Tsayuwar me kake? Koma baya ka tare, ka sake kawo min!"

"Kai" fa ya ce. Ba "ki ce wa mutumin naki" ba. Tun ranar ɗaurin aurenmu Baba bai yi masa magana kai tsaye ba sai ranar. Maigidana ya ce, "To, Malam!" ya ruga. Ni kuwa ina riƙe da ludayi ina kuka ina dariya, miyata tana can tana ƙonewa. Ya sake kawowa, har sau nawa ban ƙirga ba, wani da dama wani da hagu, ido kullum a kan mangwaro. Wasu Baba ya zura, wasu ya zubar. Baƙin sun cinye mu, cin kaca ma kuwa. Ana busa tashi maigidana ya tuɓe takalmi ya je can bakin layi ya durƙusa, Baba ya dubi bangon aji ya amsa gaisuwa. Tela ya miƙo hannu yana jiran usur, Baba ya ce masa ya sayi irinsa.

Labari bai kwana ba ya isa Bulkachuwa. Kwana biyu sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da faɗanta. Aka aiko a kira ni. Na tarar da ita a tsakar gida tana tafa hannu, Baba yana zaune a kujera yana shafa man zafi a gwiwa. "Da hagu! Ta baya! Ya juya maka ƙeya a gaban jama'a ya jefe ka har hularka ta faɗi, kana zaune kana shafa mai? A gidanmu aka taɓa yin haka? Ke kuma," ta juyo kaina, "kina tsaye kina kallo, an ce har dariya kike."

Na sunkuyar da kai. Baba ya bar ta ta gama, don ba a katse Gwaggo. Sannan ya rufe kwalbar man ya ce, "Adda, tun ranar da na faɗi, kowa a garin nan da hannu biyu yake miƙo min abu. Ke ma da kika zo dubiya haka kika ba ni fura. Duk wanda ya miƙo min haka, ina karantawa a fuskarsa cewa na kusa. Yaron nan kaɗai ne ya jefo min abu da ƙarfi, yana da tabbacin zan cafe." Ya taɓa ƙirjinsa inda ƙwallon ya sauka. "Har yanzu wurin yana min zafi. Na daɗe ban ji abin da ya yi min daɗi kamarsa ba."

Inna ta tashi ta shige ɗaki, na ji tana fyace hanci. Can Gwaggo ta ce to, ko ma mene ne, a riƙa yi da dama. Baba ya ce za a duba.

Da zan tafi ya kira ni, ya koma yadda aka saba. "Ki ce wa mutumin naki ya riƙa sassauto da ita daidai ƙirji, kafaɗar nan ba ta ɗaguwa kamar da. Kuma a dawo min da kekena daga gidan da aka kai shi, na san inda yake." Na ce to. Har na kai zaure ya sake kirana. "Wannan ɗan Brazil ɗin da aka ce a wurinsa ya koyo rashin kunyar, har yanzu yana wasa?"

Na ce, "Yana yi, Baba. An ce ya haura arba'in, ya ƙi bari."

Baba ya taɓe baki ya miƙa hannu ya ɗauki takalminsa. Ya ce, "Arba'in? Yaro ne."